Karkiyar Mushe Zakariya

Duk wanda ya yi kolej a Dakoro cikin shekarun nan, in ka ce masa Zakariya Yakubu zai tsaya yana sosa ƙeya. Amma ka ce Mushe Karkiya, don Mushe ake kiran malamin boko a can, kafin ka rufe baki ya fara dariya. Wani dogon mutum ne siriri, mai furfura a gemu, wanda aljihun rigarsa ba ya rabuwa da farin alli, har matarsa Mariama ta gaji da wankewa ta sa masa ido. Shi ke koyar da fizik da shimi, wato ilimin sinadarai. Ba shi da ɗakin gwaji, ba shi da kwalabe masu tafasa irin waɗanda yara ke gani a hoton littafi. Abin da yake da shi allo ne da ya sha duniya, da ƙwallon goriba, da karan hatsi, sai kuma baki, wanda Allah bai rage masa komai ba a nan.

Ɗan Sabon Maci ne, ɗan manoma. Da aka turo shi Dakoro yana saurayi, ya zo da akwati ɗaya da niyyar shekara biyu ya nemi canji zuwa Maraɗi. Yau ga shi har ya aurar da 'ya'ya a garin, canjin bai nema ba. In an tambaye shi dalili sai ya ce ruwan Dakoro ne ya karɓe shi, alhali kowa ya san ruwan Dakoro sai an sha wuya ake ganinsa. Gaskiyar magana ita ce maƙwabcinsa Na'Allah.

Na'Allah ɗan garin ne, gajere, kakkaura, mai ƙarancin magana. In ya ce maka “to”, ya gama hira ke nan. Ya gaji tsohuwar amalanke daga mahaifinsa, da karkiya ta itacen aduwa wadda wuyan shanu ya goge har tana sheƙi, da sa guda ɗaya. Shi kuwa Zakariya, a shekararsa ta biyu, ya bi shawarar abokan aiki ya sayi ɗan maraƙi don kiwo, ya ɗaure a bayan ɗaki, maraƙi yana ci yana girma ba ya tsinana wa kowa komai. Wata safiya Na'Allah ya leƙo ta kan danga, ya daɗe yana kallon dabbar, sannan ya ce, “Mushe, sa guda ba ya jan amalanke. Naka na zaune, nawa na zaune.” Iyakar abin da aka faɗa ke nan, ba shaida, ba rantsuwa. Ranar aka ɗora wa shanun biyu karkiya.

Tun daga nan aikin ya samu tsari da kansa. Na'Allah ne mai kora. Ranar kasuwa ya yi dakon buhuna da harawa, abin da ya samu ya ciyar da gidansa da shanun. Sauran kwanaki amalanke ta kawo tano, wato duron ruwa, gida biyu, da bazara ta kai taki gona biyu, da kaka ta kwaso damman hatsi na gida biyu. In sa ya tsufa, mai shi ya kai kasuwa ya musanya da matashi, a ci gaba. Shanu sun zo sun wuce, karkiyar dai ita ce, mutanen ma su ne.

A kan wannan amalanke Zakariya ya samo darasin da ya ba shi suna. Kafin nan ya sha fama da 'yan ajin ƙarshe a kan iskar metan. Ya zana harafi a tsakiya, ya zana huɗu a gefe, ya ja layi-layi, yara su kwafe tsaf, su haddace kamar karatun aku, ka tambaye su me layin yake nufi su yi maka zuru. Wata rana yana zaune bisa tano suna dawowa daga famfo, yana kallon bayan shanun nan biyu, sai abin ya faɗo masa. Ya buga cinya har Na'Allah ya waiwayo ya ce, “Lahiya?”

Washegari ya shiga aji da ƙwallon goriba ɗaya da 'ya'yan magarya huɗu. Ga yadda yake yin darasin, don har yau bai canza shi sosai ba.

Zai ɗaga goribar ya ce wannan karbon ne, maigida mai shanu huɗu a bakin garkensa, amma hankalinsa ba ya kwanciya sai ya ga takwas. Zai ɗaga magarya ya ce wannan idirojan ne, talaka mai sa ɗaya, burinsa duka duniya ya ga biyu. Shanun nan su ake kira elektaron. To karbon ba zai ƙwace na idirojan ba, idirojan ma ba shi da ƙarfin ƙwace na karbon. Sai kowa ya kawo ɗaya, a haɗa su a karkiya guda. Shanun nan biyu suna tsakaninsu, wannan yana ja, wancan yana ja, kuma jan da suke yi wa abu ɗaya shi ne ya hana su rabuwa. In idirojan ya ƙirga sai ya ce yana da biyu. In karbon ya yi haka da maƙwabta huɗu, ya ƙirga, sai ya ga takwas. Ba wanda ya sayi ƙari, ba wanda ya yi asara, kowa ya cika.

“Layin nan da kuke ja a takarda,” zai ce, yana ƙwanƙwasa allo, “karkiya ce. Duk layi guda, shanu biyu.”

Daga nan sai ya soka karan hatsi huɗu a jikin goribar. Yara kan so su shimfiɗa abin a tebur kamar yadda yake a allo, shi kuwa ya hana. Ya ce karkiyoyin nan huɗu ba sa son juna, kowace tana ture 'yar'uwarta, don haka sukan nisanci juna iyakar iyawa: uku su kafa ƙasa kamar duwatsun murhu, ɗaya ta miƙe sama. Yakan ƙara da cewa shanun da ke karkiya guda dole ɗaya ya zama na dama ɗaya na hagu, elektaron ma suna da irin nasu dama da hagun, amma wannan sai sun je gaba. In wani mai kaifin baki ya tambaya ko elektaron na cin harawa, Mushe ya ce a'a, misali ne, kuma kowane misali yana da inda yake ɗingishi. Sai dai akwai magana ɗaya da yake rufe darasin da ita, yana faɗinta da ƙarfi don ya san nan ne shimi ya fi amalanke zurfi: da zarar an haɗa elektaron biyun nan, ba mahalukin da zai iya nuna na karbon ya nuna na idirojan. Iri ɗaya ne sak, ba kunne a tsage, ba tambari a cinya. Na su biyun ne gaba ɗaya.

Yara suka laƙaba masa Mushe Karkiya. Ya yi kamar ya ji haushi, amma Mariama ta san yana jin daɗin sunan.

Shanun da suke da su a shekarar da nake ba ku labari, na Zakariya ja ne, an kawo shi daga wajen Tagriss, shi ke dama, ana ce masa Ja. Na Na'Allah fari ne mai baƙin baki, shi ke hagu, ana ce masa Hwari. Shekarar ta zo da tsanani. Damina ta yi gardama, ciyawa ta ƙare tun kafin bazara ta yi nisa, har 'yan awakin Na'Allah sun tafi ɗaya bayan ɗaya don a sayi dusa. Ana dab da saukar ruwa, wata rana da tsakar rana kowa ya fake wa zafi, Hwari ya tsinke igiya, ya tura ƙyauren zana, ya afka wa buhun irin wake da aka ajiye don shuka. Ya ci iya cinsa, ya je ya sha ruwa a kwatarniya. Kafin la'asar cikinsa ya kumbura ta hagu, in an buga yana amsawa kamar ganga. An ɗura masa man gyaɗa, an ja shi yawo, an aika kiran likitan dabbobi aka tarar ya fita daji rigakafi. Da numfashi ya fara gagararsa ya durƙushe, Na'Allah ya karɓi wuƙa da hannunsa ya yi bisimilla.

Zakariya ya dawo daga lakwal, wato makaranta, ya tarar ana fiɗa. Ya tsaya a gefe yana jin warin iskar da ke fita daga tumbin, ya san har da metan a cikinta, wannan dai da ya shekara da shekaru yana zanawa a allo. Sanin bai amfane shi da komai ba a wannan rana. Nama a irin zafin nan ba ya jira, ba kuma ranar kasuwa ba ce, sai Na'Allah ya rarraba wa unguwa. Gidan Mushe ma an aiko da cinya, kamar yadda aka aika gidan liman da gidan mai unguwa. Ƙirgin kawai ya riƙe, ya shanya a kan danga.

Kwana biyu da yin haka, da sassafe, Zakariya ya fito alwala ya ga karkiya jingine a ƙofar zaurensa. Ba wanda ya yi sallama, ba wanda ya bar saƙo. Amma a Dakoro ko yaro ya san abin da wannan ke nufi. Mai sa ya nemi wani abokin haɗi, ga kayan aiki nan an bar masa. Ya ɗauki itacen nan mai santsi, ya ji nauyinsa, ya rasa inda zai ajiye shi, sai ya shigar da shi ɗakin kwanansa ya jingine bayan ƙofa.

Abin da ya fara yi shi ne abin da duk mai kirki marar dabara zai yi. Ya kwance Ja, ya ja shi har gidan Na'Allah, ya ce, “Riƙe shi, Na'Allah. Ka nemi wanda za ka haɗa da shi, ka ci gaba da aikinka. Ni albashi gare ni.”

Na'Allah yana zaune yana gyaran takalmi. Bai ɗago ba. “Na gode, Mushe. Allah shi saka. Amma ban kai nan ba tukuna.”

“Kai ina?”

“Inda za a ba ni sadakar sa.”

“Wa ya ce sadaka?”

“To mi na na? Haɗi kowa da nashi ya ka zowa. Nawa ya mutu, kuma a hannuna ya mutu, ni na bar ƙyaure. Mai da shi gida, rana na yi mai yawa.”

Zakariya ya dawo da sa, yana tafe yana jin kunya kamar wanda aka kama da sata. Maganar albashin nan ita ta fi damunsa. Da ya san haka za ta fito da ya haɗiye ta.

Mutane ba su bar zancen ya huce ba. Alhaji Mainassara, mai shanun aiki da yawa a bakin kasuwa, ya tare shi bayan sallar Juma'a ya ce yana da wani na hagu da ya rasa abokin tafiya, in Mushe ya yarda gobe ma a ɗaura. Maganar hankali ce, ba mugunta a ciki. Ruwa ya kusa, taki na jibge bai je gona ba, gidan Mushe an koma sayen ruwa bido-bido, wato jarka-jarka. Zakariya ya ce zai yi shawara. Ya yi ta yin shawarar, bai ce e ba, bai ce a'a ba, Ja kuwa yana ɗaure yana kuka da safe lokacin da aka saba fita, yana waiwayar hagunsa.

Abin da ya hana shi amsawa ya gan shi ne da idonsa. Wata rana yana tafiya lakwal ya hango mutum ya duƙa yana tura kurar ruwa cikin rairayi, bidoji sun cika ta, ƙafafun kurar sun nutse. Sai da ya matso ya gane Na'Allah ne. Mutumin da ya yi jika, wanda rabin garin nan ya san shi zaune bisa amalanke da 'yar sandarsa, shi ne yake turin ruwa tare da samari sa'o'in 'ya'yansa. Na'Allah ya gan shi, ya ce, “Ina kwana, Mushe,” kamar yadda zai gaida kowane malamin lakwal, ya ci gaba da turi. Wannan gaisuwar ta yi wa Zakariya ciwo fiye da zagi. Ya gane ba amalanke kaɗai ke neman kuɓuce masa ba. In aka ƙara wata guda a haka, shi da Na'Allah za su zama maƙwabtan gaisuwa, kuma shi bai san yadda ake zaman Dakoro ba tare da mutumin nan ba.

A gida ya zama ba ya cin abinci sosai. Mariama ta zuba masa ido kwana da kwanaki, sannan wata rana tana tankaɗe ta ce, “Malam, itacen nan da ka aje bayan ƙohwa, aure za ka yi mai ko mi? Kullum sai na yi tuntuɓe da shi.”

“Bar shi nan.”

“Na bar shi. Shi ma wancan ya bar ƙirgi bisa danga, ya bushe ƙayau, ya ƙi kai wa dukawa, ya ƙi saukewa. Hwaɗimata ta ce kullum in ya dawo sai ya tsaya ya dube shi. Kai da itace, shi da hwata. Tsohwahhi biyu, an rasa mai wayo.”

Faɗimata matar Na'Allah ce, kuma ita da Mariama ba su fasa miƙa wa juna gishiri ta kan danga ba, don su mata ba su ga abin da ya kai ga haka ba.

Lokacin bitar birbe, jarrabawar fita kolej, ya zo. Zafi ya cika ajin kwano, yara sun yi laushi, Mushe ya fito da goribarsa da karansa. Ya yi darasin kamar kullum, sai dai bakin ba daɗi, shi da kansa ya ji. Ya kawo maigida mai huɗu, ya kawo talaka mai ɗaya, ya haɗa karkiya. Yaran duk sun san abin da ya faru da Hwari, garin ba shi da girman da za a ɓoye mutuwar sa. Sai wata yarinya mai suna Nuriyya, wadda ba ta cika magana ba, ta ɗaga hannu.

“Mushe, in elektaron guda ya ɓace daga cikin biyun, na wa ya ɓace? Na karbon ko na idirojan?”

Wasu suka fara murmushi suna sunkuyar da kai, suna zaton tsokana ce. Ba tsokana ba ce, yarinyar tsoron jarrabawa take ji. Zakariya ya buɗe baki ya ba ta amsar da ya saba bayarwa, ba tare da ya yi tunani ba.

“Ba na kowa ba. Na hwaɗa muku, in an haɗa su ba a rarrabewa. Wanda ya ɓace na su biyu na, wanda ya rage ma na su biyu na.”

Ya juya zai rubuta, alli ya tsaya masa a hannu. Ya daɗe yana kallon layin nan da ya ja tsakanin haruffa biyu, har yara suka fara motsi. Shekara nawa yana faɗin wannan magana ga 'ya'yan mutane, amma da abin ya zo ƙofar gidansa sai ya ja sa ya tafi yana cewa ga nawa na ba ka. Shi da bakinsa ya raba, ya ce akwai nawa akwai naka, Na'Allah kuwa ya tsaya a kan rabon da aka yi masa. Ya share allon, ya ba su aikin gida, ya sallame su kafin a buga ƙararrawa.

Bai tafi wurin Na'Allah nan take ba. Ya san halin mutuminsa, in ka je masa da shimi zai ce “to” ya ci gaba da abin da yake yi. Ya zauna a zaure yana juya abin har bayan la'asar. Na'Allah ba ya karɓar kyauta, wannan an gani. Amma tun da suke, Zakariya bai taɓa ganin an roƙe shi abu ya hana ba, ko da shi ke nan gare shi.

Ya tafi hannu rabbana, ba sa, ba karkiya. Ya yi sallama, ya samu Na'Allah zaune a tabarma yana shafa man kaɗe a tafin hannunsa da turin kura ya farfasa. Suka gaisa. Zakariya bai zauna ba. Ya nuna danga.

“Na zo karɓar rabona.”

“Rabon mi?”

“Ƙirgin Hwari. Rabi nawa na. Nama ka aiko min cinya kamar baƙo, na yi shiru don kana cikin zahi. Amma hwata ba ni bari.”

Na'Allah ya ɗago ya dube shi sosai, karo na farko tun ranar yankan. “Mushe, Hwari nawa na. Ni na saye shi.”

“Kai ka saye shi. Ruwan da ɗiyana sunka sha shekarun ga, wa ya jawo shi? Ja shi ɗai? Hatsin da ke rumbuna, da ƙahwa huɗu ya zo gida ko da takwas? In Hwari ya yi min aiki yana da rai, ban ga dalilin da za a hana min gadonshi ba. Ni roƙo na zo. In hanawa za ka yi, hwaɗa min in tahi.”

Na'Allah ba wawa ba ne. Ya ga inda maganar ta nufa tun kafin a kai ƙarshenta. In ya ba da rabin mataccen, ya yarda rabin mai ran nasa ne. In ya hana, ya hana maƙwabci abin da ya roƙa a tsakar gidansa, ga Faɗimata tana jin su daga madafa, ta ma daina daka don kada wata kalma ta wuce ta. Ya mai da kansa ƙasa, ya ci gaba da murza man a hannu.

“Ko na ba ka,” ya ce a hankali, “sa guda ba ya jan amalanke.”

“Wannan kai ka koya min. Ja ya yi ƙiba, ya kai a musanya shi da 'yan bijimai biyu. Za su ba mu wuya kahin su koyi hanya, amma ba yau munka hwara ba.”

“Ja da ka ka so kamar ɗa?”

Gaskiya ce kuwa. Shi ke ba shi gishiri da hannunsa, shi ke cire masa kaska. Ya ce, “Ina son shi.”

Na'Allah ya ce, “To. Na ji.” Ya tashi ya shiga ɗaki. Zakariya ya tsaya ɗan lokaci shi kaɗai a tsakar gida, sannan ya koma, bai san ko an ba shi ko an hana shi ba.

Washegari da ya leƙa ta kan danga, ƙirgin ba ya nan. Ya tambayi Mariama ko ta ji wani abu, ta ce ita ba 'yar rahoto ba ce, alhali fuskarta ta nuna ta san komai. Kwanakin da suka biyo baya Na'Allah ya ci gaba da turin ruwa, gaisuwar ma ba ta canza ba. Alhaji Mainassara ya sake aiko da tambaya. Hadari ya fara haɗuwa ta gabas da yamma-yamma yana watsewa. Zakariya ya fara gaya wa kansa cewa mutumin ya kai fatar wa dukawa don a huta da zancen, kuma shi ne ya ƙarasa ɓata abin da wayonsa na malaman lakwal.

Ranar kasuwa da hantsi aka yi sallama a ƙofa. Ya fito ya ga Na'Allah sanye da rigarsa ta fita, a kafaɗarsa an naɗe wata doguwar igiya. Ya sauke ta ya miƙa masa. Igiyar fata ce, sabuwa, har yanzu tana warin jiƙo. An yanka ƙirgin siri-siri tun daga wuya har gindi, an tufka shi tamau, farin gashin Hwari yana leƙowa nan da can.

“Ga ta,” in ji Na'Allah. “Ware rabinka ka ba ni nawa.”

Zakariya ya juya igiyar a hannu. Ya nemi bakin zare ya rasa. Ya so ya yi dariya, sai ya ji idonsa ya kawo ruwa, ya duƙa kamar mai duba tufkar.

“Ba ta waruwa,” ya ce.

“To kawo sa, rana na yi.”

Da igiyar suka ɗaure Ja. Zakariya ya shafa masa wuya, ya ba shi ɗan gishirin da ya rage a aljihu tare da garin alli, suka kama hanyar kasuwar dabbobi, Na'Allah a gaba riƙe da igiya, Mushe a baya da sanda. Kasuwa ta cika, raƙuma a gefe guda, Fulani da Buzaye sun jingina da sanduna suna kallon masu saye. Wani dillali da ake kira Kimba ya hango jan sa mai ƙiba, ya taho da sauri yana gyara rawani. Ya zagaya shi, ya buɗe bakinsa ya duba haƙora, ya daddanna gadon baya, sannan ya dubi mutanen biyu.

“Sa na wa a cikinku? Da wa za ni magana?”

Zakariya ya kame bakinsa, abin da bai saba yi ba. Ya kafa ido a ƙasa yana jira. Na'Allah ya gyara riƙon igiyar, ya ƙara naɗa ta a hannunsa mai faso, ya ɗauki lokacinsa kamar kullum.

“Namu na,” ya ce. “Yi magana, muna ji.”